Kwantena Ɗaya, Takardu Uku

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar shago a Karaye, da ranar kasuwar Rogo, har a wajen ta'aziyya, sai wani ya matso ya rage murya ya ce, "Alhaji Sale, wai da gaske ne wata mata ta kusa ƙwace maka kwantena?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ɗauka sai ya ƙara masa gishiri. Na ji an ce har kulle ni aka yi. Ba a kulle ni ba. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya faru, musamman don 'yan'uwana 'yan kasuwa masu sha'awar sayen kaya tun suna kan ruwa.

Wanda ya san ni ya san da awon gyaɗa na fara, ƙauye-ƙauye, da keke. Daga nan na shiga hatsi, daga baya na buɗe shagon injunan ban ruwa da kayan gyaransu. Goma-goma nake sarowa daga Kano, in na yi ƙoƙari ashirin. Ban taɓa yin odar kaya daga waje ba, ban kuma taɓa ganin teku ba.

Wata rana Alhaji Badamasi na Rogo Sabon Gari ya aiko a kira ni. Dattijo ne da ya daɗe yana shigo da kaya daga Sin ta tashar Kwatano. Ya ce yana da kwantena ɗaya a kan ruwa, injuna ɗari uku, jirgin zai iso nan da mako uku. Shi kuma zai tafi Umra, yana son ya daɗe a can, ba ya son barin wani nauyi a baya. In ina so ya sayar min a yadda take. Na kwana biyu ina tunani. Na sayar da gyaɗar da na ajiye, na sayar da filina na Unguwar Hajji, na haɗa da duk abin da ke shagon. Abin da na tara a shekara ashirin da wani abu, shi na zuba a kwantenar nan. Muka yi ciniki a zaurensa gaban shaidu biyu, aka shafa fatiha. Ya buɗe durowa ya zaro wata takarda mai rubutun Turanci, da sunan jirgi da lambar kwantena, ya miƙo min ya ce, "Wannan ita ce takardar lodin jirgi. Ka riƙe ta da kyau, ita ce kayan."

Na kuwa riƙe ta da kyau, irin kyan da muka sani. A wajenmu duk takarda mai daraja, ta fili ce, ko ta gama makaranta, ko ta haihuwa, kai ta ake yi shagon kwamfuta a rufe ta da leda a bi ta da zafi, don kada ruwa ko gara su taɓa ta. Washegari da safe na kai tawa aka yi mata laminatin. Har na sa aka yi min da leda mai kauri. Ta fito tana ƙyalli, na ji daɗi.

Kafin in tashi labari ya bazu. Manoman rani daga Gwangwan da gefen Karaye suka yi ta zuwa suna ba da suna, kowa na cewa a ajiye masa ɗaya. Na amsa wa kowa.

Na bi ta Rogo na faɗa Zariya, a nan na hau babbar mota zuwa Legas. Takardar tana cikin aljihun 'yar ciki, ta yi tauri, duk lokacin da na sunkuya sai gefenta ya soke ni a haƙarƙari, ni kuwa sukan ma daɗi yake min, don yana nuna tana nan. Wanda muka zauna kujera ɗaya da shi wani mai sayar da albasa ne ɗan Sakkwato, bai rufe baki ba tun daga Kaduna. Da ya ji inda za ni sai ya ce ya san mutum uku da kwantenarsu ta ɓace a Kwatano. Na tambaye shi sunayensu, ya ce ya manta. Duk da haka maganar ta zauna min a ciki. A wajen Jebba motar ta yi faci, muka yi awa uku a bakin titi, na ci doya da miyar da ta sa ni hawaye.

A Legas na sauka Alaba Rago wajen wani mutumin garinmu mai sayar da raguna, na kwana. Da safe ya sa ni a motar Seme. Hanyar ba ta da nisa, amma tsaye-tsayen bincike sun fi ƙarfin ƙirgata. A boda aka duba fasfo, aka nemi katin allurar rigakafi, Allah ya sa mutumin garinmu ya tuna min tun kafin in baro gida. Masu canji suka yanyame ni. Na canza 'yan kuɗin guzuri zuwa sefa, na ga abin da aka miƙo min, na sake ƙirgawa, na ce da mai canjin ko ya yi kuskure. Ya ce, "Alhaji, ba ni na yi kuskuren ba, Naira ce."

Da na tsallaka sai na zama kurma. Turancin da nake taƙama da shi a Kano, wanda dama bai taka kara ya karya ba, ya daina aiki. Faransanci ake yi. 'Yan acaɓarsu duk sanye da riga ruwan ɗorawa mai lamba a baya, sun fi ƙudan zuma yawa, kuma mata suna hawa da kwando a ka ba sa ko riƙewa. Fetur a manyan kwalabe ake sayar da shi a bakin titi kamar man gyaɗa. Na faɗa wa ɗan acaɓa kalma ɗaya da na tabbata zai gane: Zango.

Masaukina gidan Malam Isufu ne, Bahaushe haifaffen can, wanda kakansa ya je daga Katsina fataucin goro. Fatoma ne, yana saukar da fatake, kuma yana aikin fitar da kaya daga tasha. Hausarsa daram, sai dai in ya yi jimla biyu sai ya jefa Faransanci ɗaya. Ya tarbe ni da mutunci, muka gaisa gaisuwa ta gida, ya tambayi iyali da damina. Aka kawo burodi dogo kamar sanda, mai taurin baya, da soyayyen kifi da wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye. Na ci kifin da burodin, tuwon na yi masa loma biyu don kunya. Ya ce jirgin ya iso tun jiya Alhamis, ana kan sauke kaya. Sannan ya ce in kawo takardar ya gani.

Na zaro ta da alfahari na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya bayanta, ya sake juyo gabanta, ya ƙwanƙwasa ta da farce. 

"Alhaji, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce ni na sa aka yi.

"Innalillahi. To Alhaji Badamasi ya sa hannu a baya kafin a rufe?"

Na ce wane sa hannu? Mun yi ciniki gaban shaidu, an shafa fatiha.

Ya ajiye takardar a tabarma ya yi min bayani dalla-dalla. Ya ce takardar nan abu uku ce a haɗe: shaida ce cewa jirgi ya karɓi kaya, ita ce kuma ke ɗauke da sharuɗɗan dako, sannan ita ce ke tsayawa a madadin kayan kansu muddin suna hannun masu jirgi. Akwai irin wadda ake rubuta sunan mutum ɗaya kawai, wannan ba ta canza hannu. Tawa kuwa irin wadda aka rubuta cewa a ba Alhaji Badamasi ko wanda ya yi umarni a ba. Umarnin nan a bayan takardar ake yinsa, da sa hannunsa da hatiminsa. In ya rubuta sunana ya sa hannu, kaya sun zama nawa. In ya sa hannu kawai bai rubuta sunan kowa ba, to duk wanda takardar ke hannunsa shi ne mai kaya, kamar takardar kuɗi. Tawa babu ko ɗaya, bayanta fari fat. Kuma ko Alhaji ya dawo yau, ba inda zai sa hannu, don biro ba ya kama leda, masu jirgi kuma ba sa karɓar takardar da ba za su iya taɓa ainihinta su tabbatar ba ta jabu ba ce. In aka ce a ɓare ledar, da rubutun za ta taso.

Na ce to shaiduna fa? Ya ce masu jirgi ba alƙalai ba ne, ba ruwansu da wanda ya biya. Takarda suke kallo.

Sai ya nuna min wani ɗan rubutu a ƙasa ta cikin ledar. Ya ce an rubuta cewa na asali guda uku aka fitar, kuma da zarar an kai ɗaya an karɓi kaya, sauran biyun sun mutu. Ya dube ni ya ce, "Ina sauran biyun?"

Ban sani ba. Ban ma san akwai su ba.

Na kira lambar Alhaji Badamasi ya fi sau ashirin, a kashe. Muka tafi masallacin Juma'a, Allah ya yafe min, ban san abin da liman ya faɗa ba. Bayan an sauko na kira Rogo, aka yi ta bin dangi har aka samo lambar wani da suka tafi Umra tare. Sai bayan la'asar na ji muryar Alhaji. Muka gaisa, na tambayi ibada, ya tambayi hanya, duk gaggawata ban iya tsallake gaisuwar ba. Sannan na faɗa masa, na tambayi sauran takardun biyu. Ya ce ɗaya tana durowarsa a Rogo, a kulle, makullin yana aljihunsa a Makka. Ɗayar kuwa, sai yanzu ya tuna, tun wata biyu da suka wuce ya haɗa ta da wasu takardu ya aika wa ejan ɗinsa na Kwatano da ya daɗe yana fitar masa da kaya, wani Misye Kosi.

Na ce, "Alhaji, ka sa hannu a bayanta?"

Ya ce, "Ai kullum haka yake cewa in yi, in sa hannu in buga hatimi in aiko. Shekara goma sha ina yi, ban taɓa tambayarsa dalili ba."

Na ce ya rubuta sunan wani? Ya ce a'a. Na ce ya gaya wa Kosi ya sayar min? Ya ce wallahi shirin tafiya ya ɗauke masa hankali. Sannan ya ƙara da abin da ya fi duka muni: tsakaninsa da Kosi akwai tsohuwar magana, cewa in ya samu mai saye da farashi mai kyau, ya sayar kawai.

Muka hau acaɓa biyu ni da Malam Isufu zuwa ofishin Kosi, muka tarar an rufe. Ranar Asabar muka koma da sassafe, aka ce ya tafi ƙauyensu jana'iza. Na ce to ai zuwa azahar ya dawo. Malam Isufu ya yi murmushi ya ce jana'izarsu ba irin tamu ba ce da ake sallah a binne kafin rana ta yi zafi. Su sai an ɗinka anko, an kafa rumfuna, an kawo makaɗa, a ci a sha kwana biyu. Muka ɗauki mota muka bi shi. Na ga abin da idona: mutane cikin atamfa iri ɗaya suna rawa, hoton mamaciyar a jikin riguna. Ni da babbar rigata na tsaya a gefe kamar wanda ya ɓata hanya. Aka ba ni kujera da lemo, ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne, wannan kam na yaba musu.

Kosi ya fito, dattijo siriri mai tabarau. Malam Isufu ya yi masa bayani da Faransanci. Na ga fuskarsa ta canza, ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya yi ta neman Alhaji a waya bai samu ba. Ranar Laraba ya sayar da kwantenar ga wata 'yar kasuwa, Madam Selestin. Ta ba da kafin alƙalami, ya miƙa mata takardar. Ranar Litinin da an buɗe ofishin masu jirgi za ta kai.

Ban ga laifin mutumin ba, abin da aka ce ya yi shi ya yi. A hanyar dawowa na tambayi Malam Isufu gaskiya tsakaninsa da Allah, in aka je gaban hukuma wa zai ci. Ya ce matar ta saya da zuciya ɗaya, ba ta san da ni ba, kuma takarda mai sa hannu tana hannunta. Ni sai dai in koma in bi Alhaji Badamasi. Na yi tunanin kaina ina ƙarar dattijon da ya yi min alheri, da shagona babu komai a ciki, ga rani ya kawo kai. Abincin ranar ban taɓa shi ba.

Amma na yi masa wata tambaya. Na ce in mutum biyu suka je wa masu jirgi, kowa da takardarsa ta asali, kowa na cewa kayansa ne, me za su yi? Ya ce in sun ga rigima ce ta gaske ba za su ba kowa ba, za su riƙe kayan har sai kotu ta raba, kuɗin ajiya kuma yana hawa kullum. Na ce to, ko takardata ba ta iya fitar da kaya, tana iya hana su fita. Ya dube ni ya ce, "Ashe dai ɗan kasuwa ne kai."

Ranar Lahadi bayan sun taso daga coci Kosi ya baro jana'izar ya kai mu gidanta. Na zaci zan ga wata mai girman kai. Sai ga mace mai kimanin shekara sittin, gajeriya, da zani da silifas, tana ba da umarni ana sauke buhunan shinkafa. A wajenmu mace mai irin wannan jari tana cikin gida, sai dai ta aika. A can su ne kasuwar. Ta buɗe baki sai na ji Hausa, ashe a arewacin ƙasarsu ta tashi, cikin Hausawa da Dandawa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ina gajiya? Ina mutanen Kano?"

Ta sa aka kawo min ruwa da ayaba, ta ce ta san ba zan ci naman gidanta ba, ba za ta wahalar da ni ba. Ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba. Sannan ta ce in nuna mata takardata. Ta ɗaga ta sama tana kallon yadda take ɗaukar ido, ta yi dariya har da dafa gwiwa. Ta buɗe jakarta ta zaro tata, duk ta yamutse, da ɗigon manja a gefe.

"Alhaji, taka ta fi tawa kyau. Tawa ce dai ke aiki."

Na ce haka ne, Madam. Na ce ban zo in yi mata ƙarya ko barazana ba. Ta fi ni hujja, na sani. Amma duk abin da na mallaka yana cikin ƙarfen nan, don haka gobe kafin a buɗe ofis ina bakin ƙofa, zan shigar da ƙorafi a rubuce, da shaidar Kosi da muryar Alhaji a waya. Wataƙila ta ci a kotu bayan wata shida. Kafin nan rani ya wuce, kuɗin ajiya ya cinye rabin kayan.

Dariyar ta ɗauke. Ta yi magana da Kosi da yarensu, da zafi, shi kuma yana ta sunkuyar da kai. Na zauna ina kallon jakar nan a cinyarta. Ban taɓa jin tsoron jakar mace ba sai ranar.

Ta juyo ta ce ita ma ba don ado ta saya ba, ta yi wa masu noman albasa na bakin kogin Kwara alkawari, suna jira. Ta ce a raba biyu. Na ce ba zan iya ba. Ta ce ɗari. Na ce arba'in. Muka yi ta ja kamar masu cinikin akuya, ta tashi ta shiga ɗaki ta bar mu ya fi rabin awa, na ɗauka magana ta mutu. Da ta fito ta ce sittin, a farashin da suka yi da Kosi, wanda bai kai abin da na saya ba, kuma ita za ta fara zaɓa. Ta ce in ban yarda ba mu haɗu a kotu, ita tana da shinkafar da za ta ci kafin a yanke hukunci, ni fa?

Na yarda.

Ta ɗora takardar a tebur ta turo min da yatsa ɗaya. Ba a rubuta komai ba, ba a kira shaidu ba. Malam Isufu ya ce shi ke nan, tun da babu suna a baya, miƙawar nan ita ce cinikin. Na ce ni dai ban yarda ta sake kwana babu suna ba. A wurin aka rubuta sunana a saman sa hannun Alhaji Badamasi, yadda daga ranar ba mai iya amfani da ita sai ni. Aka rubuta yarjejeniyar injuna sittin a wata takarda daban, muka sa hannu.

Litinin muka je tare. Layi ya yi tsawo, ga shi su da rana ta take sai su rufe ofis su tafi cin abinci har kusan la'asar, ko wa ke jira. Saura mutum biyu a gabana na ga ma'aikaciyar tana duba agogo. Madam ta leƙa ta faɗa mata wata magana, ta yi dariya ta miƙo hannu. Ta juya takardar, ta duba hatimi, ta duba fasfona, ta dube ni, ta shiga ciki da ita. Minti goman da ta yi a ciki sun fi min tafiyar Zariya zuwa Legas tsawo. Ta fito ta buga hatimi, ta ba ni takardar izinin ɗaukar kaya.

Sauran aikin kwastan da na boda ya ci kwana tara, Malam Isufu ya tsaya a kai tsayin daka. Ranar da aka fasa kwantenar Madam ta zo da kujerarta ta zauna, ta sa ana buɗe kwali ɗaya-ɗaya, ta zaɓi sittin ɗinta. Da za mu rabu ta ba ni ƙullin busasshen kifi ta ce in kai wa uwargida. Ni kuma na hau gaban tirela, ban yarda na rabu da kayan ba har Karaye.

Riba ban ci ba a wannan tafiya, amma jarina ya dawo gida. Abin da ya rage shi ne mutanen da na yi wa alkawari, don sunaye sun fi injuna yawa. Na bi jerin yadda aka zo, waɗanda suka zo ƙarshe na je da ƙafata na ba su haƙuri. Na ƙarshensu Malam Haruna ne na Gwangwan, na same shi a bakin fadamarsa ya riga ya yi kaftu ya ja hanyoyin ruwa yana jira. Muka gaisa, ya leƙa bayan babur ɗina bai ga kwali ba.

"Alhaji, ina nawa?"

Na ce, "Malam, naka yana hannun wata mata a Kwatano."

Ya kalli busasshiyar ƙasar da ya gyara. Can ya ɗauki gugarsa ya nufi rijiya.

"To," ya ce, "Allah ya sa ta san sai an zuba wa injin ruwa kafin a tayar."